Gayyar Zauren Madugu

Tun kafin hantsi tuwo ya nuna. An girke manyan tukwane a bayan Zauren Madugu, miyar kuka na ta tafasa, ga fura an dama an rufe da faifai. Ƙasar yaɓe kuwa ta kwana biyu a jiƙe, an zuba mata ciyawa da kashin jaki, ta ruɓa ta yi irin warin nan da magina ke so. Abin da ya rage kawai mutanen da za su shiga su tattake ta, su ɗora wa bango. Falalu ya naɗe ƙafar wando ya tsaya a bakin hanya, ya dubi gabas ya dubi yamma.

Falalu ɗan Matameye ne, a nan aka binne cibiyarsa, amma ƙarfinsa duk a Arlit ya baro shi, wajen aikin haƙar ma'adinai. Ya tafi da baƙin gashi, ya dawo da furfura da tari da akwati ɗaya. Ya sauka a gidan gado inda yayarsa Baiwa ke zaune, yana zaton gari zai rungume shi. Gari bai kore shi ba, bai kuma rungume shi ba. A masallaci a ba shi hannu, a kasuwa a yi masa sannu, amma har ya shekara da dawowa ana tambayarsa yaushe zai koma. In ya doshi majalisa sai a gyara masa wuri mai kyau, a rage murya, hira ta koma ta yanayi da tsadar gero. Shi ma yana ji a jikinsa, don haka ya daina zuwa.

Abu ɗaya ne a garin bai sake masa fuska ba, shi ne wannan zaure. Tsohon masaukin fatake ne, tun zamanin da ayari ke yada zango a nan tsakanin Kano da Damagaram, magadansa duk sun watse, ba mai kula da shi sai awaki. A bangonsa na gabas akwai zane na magina na dauri, dagi babba a tsakiya, takubba biyu a gefe, da wasu lanƙwashe-lanƙwashe da yanzu ba wanda hannunsa ya iya. A gindin bangon nan Falalu da sa'o'insa suka yi wasan ƙasa. Da ya dawo ya tarar da shi tsaye, sai ya ji kamar ya ga wani nasa. Kullum da safe yakan zo ya share kashin awaki ya zauna, shi da bango, har rana ta kore shi.

Sai dai bangon ya gaji. Ruwan shekaru ya cinye gindinsa, ya yi siriri daga ƙasa, ga tsaga ta taso daga kusurwa. A ƙasar nan kuwa daga gabas hadari ke tasowa, shi zai fara duka. Duk wanda ya kalle shi ya san in ba a tallafe shi ba, wannan damina ba zai fita ba.

Falalu da Mushe Abdurrazak, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Damagaram, suka kafa kwamitin raya wuraren tarihi na unguwa. Kwamiti dai sunansa kwamiti, amma in aka kira taro su biyu ne, sai kujeru. Duk da haka sun taɓuka: sun sa an yashe tsohuwar rijiya, sun kewaye ramukan marina da ƙaya. Da suka zo kan zaure suka kira masu ginin bulo, su kuwa suka zagaya suka ce a rushe a tayar da sabo, su shafe shi da siminti ya yi kyau. Falalu ya kusa zaginsu. Aikin na tsofaffin hannu ne, irin su Idirisa magini, da samari masu tattaka ƙasa da miƙo ta. Wato dai gayya.

Mushe ya ce abu mai sauƙi, a ba da sanarwa a rediyon gari, a kuma tura a waya. Falalu ya ce madalla. A Arlit haka ake yi, a manna takarda a allo, gobe ka ga mutane sun yi layi. Aka yi ta karanta sanarwa safe da yamma, har da sunansa a ciki, yana ji yana jin daɗi.

Hantsi ya yi, rana ta take. Mutane na wucewa da gatari da manjagara za su sharar gona, kowa ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da aiki," ya yi gaba. Wani mai amalanke ya tsaya, zuciyar Falalu ta yi sanyi, ashe igiya ce ta kwance masa. Mushe na ta latsa waya yana cewa mutane sun gani, ga shi nan sun gani, wasu har sun sa hannu alamar sun yarda. Da aka kira azahar ya ce bari ya je ya dawo, bai dawo ba. Falalu ya shiga cikin ƙasar shi kaɗai ya tattaka har tari ya sarƙe shi, ya fito ya zauna a kan baro da taɓo har gwiwa. Kunya ta ishe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Tuwon nan haka aka bi maƙwabta da shi gida gida. Kafin la'asar kwanuka sun dawo a wanke, kowanne da saƙon an gode, Allah ya ba da lada. Wannan godiyar ta fi komai yi masa ciwo.

Baiwa na zaune a tsakar gida tana kankare tukunya, ba ta ko ɗago ba. Ita dama tun farko ta ce masa wa da wa ya gaya wa, ya ce an gaya wa kowa, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Yaya, me na yi wa mutanen garin nan?" in ji shi. "Zauren nan nawa ne? Na ubana ne? Ba na kowa da kowa ba ne?"

"Ba ka yi masu komai ba," ta ce. "Shi ne ai. Ba ka yi masu komai ba."

"Rediyo fa ta faɗa, kowa ya ji."

"Yo ji ai sun ji. Ni ma na ji. Tallar maganin basir ma ina ji kullum, ka ga na tashi na bi mai shi?" Ta ajiye tukunya. "Falalu, gayya da ƙafa ake yin ta. Ka je ƙofar mutum ka yi sallama, ka zauna, ka sha ruwansa, sannan ka ce ina da aiki ranar kaza. Kai kuwa ƙofar wa za ka je? Inusa da kuka tashi tare ya rasu, ka taka ka gai da matarsa Hanifa? Idirisa ya binne ɗansa Ɗan'azumi, saurayi kamar ya tsaga ƙasa, me ka yi? Ka turo rubutu a waya, aka ba wani ya karanta masa. Uwar su Mahaman, da liman na da, da Takawa mai ƙira, duk suna ƙasa. Ka dawo ka shekara, bango ka iya zuwa gaisarwa kullum safiya."

Ya ce ai abin ya daɗe, wasu ma an shekara goma, tayar da shi yanzu ai fama ciwo ne.

"Gaisuwar mutuwa ba ta tsufa a garin nan," in ji Baiwa. "Jiranka ake, kai ne ba ka sani ba."

Washegari ya sa farar riga ya fita, da lissafinsa a zuci. Zai shiga ya yi gaisuwa, in an shafa fatiha sai ya kawo maganar zaure a taƙaice, ya sa sabuwar rana. Mutum ne da ya saba da aiki mai tsari, har ya raba unguwa kashi kashi a kansa.

Gidan marigayi Inusa ya fara. Hanifa ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ta zauna daga ciki. Ya san ta tana amarya mai yawan dariya, yanzu ga tsohuwa da carbi.

"Gaisuwar Inusa na zo yi," ya ce. "Na yi latti ƙwarai. Ya haƙuri?"

Ta ajiye carbin a cinyarta. Can ta ce, "Haƙuri sai ma'abucinsa, Malam Falalu. Ashe za ka zo." Sai ta shiga ba shi labari, yadda ciwon ya fara daga ƙafa, yadda aka kai shi likita a Damagaram aka dawo da shi, yadda a kwanakinsa na ƙarshe ya riƙa kiran sunayen abokan ƙuruciya, har da na Falalu, yana cewa a duba ko motar Arlit ta iso. Ba da gori ta faɗa ba, faɗa kawai ta yi. Aka yi addu'a aka shafa. Nan ne wurin maganar zaure, ya buɗe baki, sai ya ji in ya faɗe ta duk zaman da ya yi ya zama ƙarya, ya zama ya zo neman lebura ne ya fake da mamaci. Ya ce sai an jima, ya sa takalmi ya fita.

Ya ce a ransa gida na gaba zai faɗa. Gida na gaba ma haka. Kuma abin ya fi yadda ya zata yawa, don kowane gida ya shiga sai a ce ai wane ma ya rasu, ka je can? Wasu da ya ƙudurta zai gayyata, yana isa sai ya tarar gaisuwarsu zai yi. Tsarin nan nasa na kashi kashi ya watse. Ya bi lunguna, ya hau kabu-kabu ya je Icirnawa wajen wata gwaggo, ya je Ɗan Barto inda 'yar Takawa ke aure. Ya sha ruwan randa iri iri, ya ji labarin ciwo iri iri. Da yamma ya dawo ƙafafu a kumbure, ya biya ta zaure ya tarar ƙasar yaɓe ta bushe ta tsattsage, tsagar bango ta ƙara buɗewa har hannu na shiga. Ya tsaya ya dube shi, shi kaɗai a wurin, kaɗaici ya rufe shi fiye da da, don yanzu ya san yawan waɗanda babu.

Iska ta juya, zafi ya yi nauyi, gabas ta fara haɗa gira da la'asar. Mushe Abdurrazak ya tare shi a hanya, hankali a tashe.

"Baba Falalu, kullum kana cikin gidajen mutanen nan, ka sa mana rana mana! Kalma ɗaya ce fa. Ruwa na bisa kanmu."

"Zan faɗa, Mushe."

"Yaushe? In bango ya kwanta?"

Suka samo tamfol suka rufa wa bangon daga sama, suka danne da duwatsu, su biyu suna haki a kan tsani. Su kansu sun san rufin asiri ne kawai, gindin ne matsalar.

Gidan Idirisa ya bari a ƙarshe, don shi ya fi jin tsoro. Tare aka yi masu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, kuma shi ne kaɗai ya rage da zai iya tallafe bangon nan ba tare da ya ɓata zanen ba. Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Idirisa ya amsa sallama bai daina sassaƙa ba, ya nuna masa gefen tabarma da haɓa.

"Gaisuwar Ɗan'azumi na zo yi."

"Ai ka yi. An karanta mini."

"Ban yi ba, Idi. Yau na zo."

Idirisa ya ci gaba da sassaƙa, ɓawon itace na zuba a ƙafarsa. Falalu ya gyara zama, bai tashi ba. Inuwa ta matsa, suka matsa da tabarma. Sai can Idirisa ya ajiye gizago ya fara magana, idonsa a ƙasa. Ya ce yaron shi ke miƙo masa ƙasa in yana bisa gini, ya fara iya zane, hannunsa ya fi nasa laushi. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Tun daga ranar bai sake hawa bango ba, in ya ɗaga hannu ya karɓi ƙasa sai ya ga ba shi ne ke miƙowa ba. Suka yi addu'a mai tsawo, tsofaffi biyu, kowa na share ido da bakin riga yana yi kamar ƙura ce.

Da suka shafa, Idirisa ya dube shi sosai, karo na farko.

"Da wata magana ne bayan wannan?"

Ya san abin da ake tambayarsa. Duk garin an san bango na jiran hannu, Idirisa ma ya sani, ƙofa ce ya buɗe masa. In ya ce e, watakila gobe a tattaka ƙasa. Daga inda yake zaune yana hango hadari ya yi baƙi a bisa rufin gidaje. Ya tuna dagin nan da takubban. Amma mutumin nan yanzu ya gama gaya masa abin da ya raba shi da hawa bango.

"Babu," in ji Falalu. "Gaisuwa na zo."

Idirisa ya gyaɗa kai, ya raka shi har bakin lungu, abin da bai yi niyya ba da farko.

Ruwan bai jira ba. Kashegari bayan azahar iska ta taso da ƙarfi, ta fizge tamfol ta yi yamma da shi kamar tsumma, sannan ruwa ya sauko a karkace yana dukan gabas. Manoma na murna, yara na tsalle a lungu. Falalu ya tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai shayi da ya tsere, yana kallo ruwa na wanke zanen, jar ƙasa na gangarowa. Bangon bai yi wata ƙara mai yawa ba. Ya ɗan sunkuya, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya zauna a kan gindinsa, rufin ya biyo shi ta gefe ɗaya. Da ruwa ya tsagaita Falalu ya je ya tona da hannu ko zai sami ko da guntun dagin, bai sami komai ba sai taɓo. Ya koma gida a jiƙe, Baiwa ta dube shi, ta miƙa masa busasshiyar riga.

Da safe ya ƙi fita. Ranar shuka ce, ruwan farko ya jiƙa ƙasa, duk mai gona ya kamata yana can tun asuba, ba wanda zai tuna da wani tsohon bango. Yana kwance yana kallon azara, yana tunanin ko ya tattara ya bi 'ya'yansa Yamai, tunda abin da ya riƙe shi a garin ya kwanta. Sai ya ji sallama a ƙofar gida. Kafin ya sa hula ya ji wata, ya kuma jin wata.

Baiwa ta leƙo. "Tashi ka fito da tabarmi. Duka, har ta ɗakina."

Ya fito ya tarar da su a ƙofar gida, wasu da sungumi a kafaɗa, wasu da ƙwaryar iri a hannu, sun biyo kafin su wuce gona. Mahaman ne da ƙannensa, da 'ya'yan tsohon liman, da mutanen lungunan da ya bi, ga mata na shigewa ciki wajen Baiwa, ya hango Hanifa a cikinsu. Aka shimfiɗa tabarmi a kan danshi. Ya nufi gefe zai zauna, aka ce a'a, nan tsakiya, ai wurinka aka zo.

"Ashe abin da ya faru ke nan, Falalu. Sannu. Ya muka ji da wannan abu?"

"Allah ya mayar da alheri."

"Ka yi iya yinka, kowa ya gani."

Ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, yana amsawa, yana jin abin banbaraƙwai, jajen bango kamar na mutum. Ba wanda ya ce za a tayar da shi, shi ma bai tambaya ba. Ko an tayar, zanen nan ya tafi ke nan, kowa a wurin ya sani.

Idirisa ne ya zo a ƙarshe, yana jan ƙafa. Bai tsaya a gaba ya miƙa hannu ba, ya raɓa ya zauna dab da shi har kafaɗarsu na gogar juna. Ya yi jajen zaure a taƙaice. Sannan ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta yadda kowa zai ji.

"Akwai kuma gaisuwar da ke kanmu, jama'a. Mun ji mai ɗakinsa Zuhra ta rasu can Arlit, shekarun baya. Shi ya yi mata sutura cikin baƙi, ba ko ɗayanmu a wurin. Muka ce tunda bai zo namu ba, mu ma ba mu zuwa nasa. Ya dawo muka bar shi da abinsa." Ya juyo ya kama hannun Falalu. "Mun yi latti. Ya haƙuri?"

Tun da ya dawo garin nan ba wanda ya ambaci sunanta a gabansa, har ya saba da riƙe shi shi kaɗai. Ya buɗe baki zai ba da amsar da ya yi ta ji a gidajen mutane, amsar da yaro ma ya iya, muryar ta ƙi fita. Mutane suka ajiye sungumi da ƙwarya, suka ɗaga hannuwa, liman ya ja fatiha, rana na ta hawa, gonaki na jira, ba wanda ya yi gaggawar shafawa.